Daminar da Goggo Ta Yi Tafiya da Ƙafafun Gaba

Markar bana ta kwana huɗu a kan Birnin Kudu ba ta ɗaga ba. Ba ruwa ne mai tsawa da iska ba, yayyafi ne mai naci, irin wanda ke jiƙa katanga har ta fara ɓarewa daga gindi. Ran na biyar da hantsi rana ta ɗan leƙo, sai ga ƙanena Habu a kan babur daga garinmu Kwandiko, wandonsa taɓo har gwiwa. Ya haura sittin yanzu, gemunsa ma ya fi nawa fari. Bai gama amsa gaisuwar iyalina ba idonsa ya sauka a kan motata da ke ƙofar gida, wata jif ta hannu da na saya bayan na bar aiki. Ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashinta.

"Yaya, yaushe rabon da a sa mata giris?"

"Akwai mai duba min ita," na ce.

"To ka ce ina gaishe shi. Bai taɓa zuwa nan ƙasan ba."

Maƙwabtana biyu da ke zaune a dakali suka yi dariya, suka taso. Kafin a kawo masa ruwan sha, ɗayansu ya fara ba shi labarin wata ƙara da tasa motar ke yi. Ni kuwa ina tsaye a bakin zaure, a ƙofar gidana, kusa da motata, ba mai kallona. Sai na ji wani tsohon abu ya motsa a ƙirjina, wanda na ɗauka ya daɗe da mutuwa. Hassada ce. Na san shekarunta, arba'in ne da 'yan kai.

Lokacin ba a yanka jihar Jigawa daga Kano ba. Daminar da ta gabaci wadda nake magana a kai ta yi ƙaranci, gero ya ƙone a tsaye kafin ya yi ido, abin da muka kai rumbu bai fitar da mu bazara ba. Sabuwar damina ta makara. Mun yi shuka sau biyu, ta farko ta bushe a rami. Da ruwa ya zauna kuma sai ya zauna da ƙarfinsa. Zuwa lokacin maimai Inna ta riga ta share rumbu da tsintsiya, ta tankaɗe abin da ta samu. Da safe kunu ne tsararo, wanda kana sha kana ganin gindin ƙwarya. Da rana kwaɗon tafasa ko na rama, da ɗan ƙuli in an samu. Duk lungun da ka bi a Kwandiko warin dafaffiyar tafasa ne ke tarbarka. Mutum na cikin noma, in ya miƙe tsaye da sauri sai ya ga gonar ta juya.

Abin da ya bambanta gidanmu da sauran gidaje shi ne muna cin tuwo kullum, kuma daga bayan Goggo tuwon yake saukowa.

Goggo mota ce, tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu da Baba ya saya a gwanjo bayan ya bar aikin tuƙi. Mutanen gari ne suka sa mata sunan, wai don ba ta tashi da safe sai ta yi tari da mita. Tana da sandar giya biyu, babba da ƙarama. In aka tura ƙaramar, ƙafafun gaba su ma sai su kama ja. Da marka ta kankama babu motar da ke shigowa garinmu ko ta fita sai ita. Ran kasuwa takan kwashi mutane zuwa Gwaram, ta dawo da su da buhunan dawa da masara. Mafi yawansu da hatsi suke sallamarmu, wannan kwano, wancan rabin kwano. Shi Inna ke lallaɓawa har wata kasuwar.

A shekarar ne yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya daina tuƙi. Makullin yana rataye a wuyansa da tsirkiyar fata. Yakan ba wanda zai fita da safe, ya karɓe da yamma. Kowa ya san kafin kaka zai danƙa shi ga ɗayanmu dungurungum. Ni ne babba. Na gama kwalejin horon malamai, ina zaman jiran a tura ni makaranta, na iya tuƙi, kuma ni kaɗai ne a gidan ke iya karanta littafin motar da muka tarar a ƙarƙashin kujera. Habu a aji huɗu ya bar firamare. Amma shi ake ba makullin.

Duk jajiberin kasuwa ranar Goggo ce. Bayan an taso daga gona da azahar, sai a shimfiɗa wa Baba buzu a ƙarƙashin rumfa, Habu ya ta da inji, Baba ya karkata kai yana saurare.

"Na uku yana tsallake," Baba zai ce.

Habu ya kashe, ya kwance fulogi na uku, ya kankare shi da reza, ya hure, ya mayar. Daga nan sai lagireto, a cika shi da ruwan saman da Inna ta tara a randa, don na rijiya yana barin gishiri. Sai kan batir, a wanke shi da ruwan zafi. Sai matatar iska, a ɗauraye ta da kananzir. Sai ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ya bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya yana cusa giris da babban yatsa, domin abin tura giris ɗin ya daɗe da lalacewa. Aikina shi ne miƙa sifana. Wani lokaci nakan buɗe littafin in ce, "A nan an rubuta cewa..."

"Littafin nan naka," Baba ya ce min wata rana, "ya taɓa zuwa Gwaram da damina?"

Dattawan da ke zaune da shi suka yi dariya. Na rufe littafin. Ba dariyar ce ta fi ci min rai ba. Abin da ya fi ci min rai ƙanana ne. Da asuba sunan Habu Baba ke fara kira. In an kwashe tuwo, Inna takan kankare ƙanzo ta jiƙa ta ajiye wa Habu, ta ce shi ke kwanciya a taɓo. A shekarar yunwa ƙanzo ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi kuma an riga an yi masa baiko, ni da nake gaba da shi ko tsayayyiya ba ni da ita. Ina kwana ina lissafa waɗannan abubuwa kamar mai jan carbi.

Akwai wata al'ada tasa da na fi tsana. A tsakanin ƙafafun baya, da kuma tsakanin na gaba, akwai wani dunƙulen ƙarfe mai ciki, wanda haƙoran da ke juya tayoyi ke iyo a cikin man giya. Makanikai suna da sunan da suke kiransa, mu a gida tulu muke cewa, don da shi ya yi kama. Tsakaninmu da Gwaram akwai rafi, yanzu an yi masa kwalbati, masu babur ma ba sa rage gudu a kansa. A lokacin sai an ratsa ta mashigi, ruwa har cinya. In za mu tafi da safe ba matsala, mashigin yana kusa da gida, motar ba ta ɗau zafi ba. Amma a dawowa, bayan ta yi ta fama da taɓo da kaya niƙi-niƙi, Habu yakan tsaya a bakin ruwa ya kashe inji. Ya sauka, ya taɓa tulun baya da bayan hannu, ya koma gindin wata kanya ya zauna. Ya ce ƙarfe mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi zuƙar ruwan yake yi, ga robar bakin tulun ta mutu, ba sabuwa. Sai ta huce ake ƙetarewa.

Fasinja ba sa so. Akwai Inna Tabawa mai daddawa, wadda ba ta fashin kasuwa, ba ta kuma fashin magana.

"Habu, Goggon taka sai ta yi alwala ne kafin ta shiga ruwa?"

"Inna Tabawa, ke ma in kin yi gumi ai ba kya faɗa wa rafi."

"Ni? Sau nawa na faɗa, ga ni nan garau!"

"Shi ya sa gwiwarki ke kuka in za ki hau mota."

"Ka ji ɗan banza! Allah Ya haɗa ka da surukar da ta fi ni baki."

In kuma duk da haka ruwa ya shiga, akwai maganinsa. Man yakan koma fari kamar nono. Sabon mai sai Birnin Kudu, ba kuma halin sayensa. Sai Habu ya tsiyaye shi a wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya ɗora a murhu a bayan gida, ya yi ta tafasa yana tartsatsi har ya yi shiru, alamar ruwan ya fice. Ya tace da tsumma, ya mayar. Inna takan toshe hanci ta ce ya hana kajinta sakewa. Sai dai ba ya buɗe tulun haka kawai. Notin bakinsa ya cinye, duk buɗewa sai an yi dabara da zare kafin ya kama, kuma Habu yana tsoron ranar da zai ƙi kamawa gaba ɗaya.

Na duba littafin daga bango zuwa bango. Babu inda aka ce a jira mota ta huce a bakin rafi.

Ana tsakiyar marka sai gayyar noma ta gidan surukan Habu ta faɗo ran kasuwa. Saurayin da aka yi wa baiko ba ya ƙin zuwa gayyar suruki. Da asuba Baba ya cire makulli ya miƙo wajen da ya ji muryata. Habu, da fartanya a kafaɗa, ya biyo ni har bakin mota.

"Yaya, a dawowa ka bar ta ta huce. In bayan hannunka ya iya zama a kai, to."

"Na ji."

"In kuma ka ga dole ka shiga, ba komai, ka dai faɗa min."

"Na ce na ji. Ka tafi kada surukinka ya ce kai rago ne."

Mun taso daga Gwaram bayan azahar da buhuna har saman bodi. Taɓo ya yi yawa, kusan duk hanyar da ƙaramin giya na yi ta. Da muka iso mashigi hadari ya fara haɗuwa a gabas, amma da sauransa. Na taka birki. Inna Tabawa ta leƙo ta baya.

"Malam, kai ma shanya mu za ka yi?"

Wani ya ce, "Haba, wannan ɗan boko ne, da ilimi yake tuƙi, ba da camfi ba."

Na sha gaya wa kaina cewa hadarin ne ya sa, ko kuma littafin. Ba su ba ne. So nake a shiga gari a ce na fi Habu. Na saki birki. Da ruwan ya taɓa ƙarƙashinta na ji wani cuu, tururi ya taso ta gefe. Muka fita a ɗaya gaɓar lafiya lau. Bayan mota ya kaure da shewa. Inna Tabawa ta ce daga yau in ba Malam ba ba ta hawa. Muka shiga Kwandiko kafin la'asar, abin da ba a taɓa yi ba a daminar. A ranar tuwon ya yi min daɗi ƙwarai.

Washegari da safe Habu ya fito, tafin hannunsa duk kanta ta fashe, yana riƙe da sifanar da yake buɗe tulu da ita.

"Ka tsaya ta huce, Yaya?"

"Na tsaya."

"An ce kun dawo da wuri."

"Da wuri muka taso."

Ya dube ni kaɗan, ya mayar da sifanar cikin jaka. Ni ne yayansa, ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Kasuwa biyu suka wuce. Kowace jajiberi ina tsugune ina miƙa masa sifana, idona a kan tulun nan. Kalma uku ta isa: ban tsaya ba. Amma a gari ana ta maganar saurin Malam, har ta kai kunnen Baba, kuma sau ɗaya ya fara kiran sunana da asuba. Na ce a raina wataƙila ruwan bai shiga ba. Na ce in ma ya shiga, a hannun Habu zai bayyana. Wannan tunani na biyu ban kore shi ba.

A kasuwa ta uku, Habu na tuƙi ina gefensa, mun baro Gwaram ana yayyafi. Sai wani kuka ya taso daga baya, siriri, kamar na sauro. Habu ya karkata kai irin na Baba.

"In mun isa mashigi zan buɗe," ya ce.

Ba mu isa ba. Kukan ya yi kauri, ya koma gurnani, sai ƙas! Ƙafafun baya suka ƙame, motar ta ja su a taɓo ta tsaya. Mata suka yi salati. Habu ya sauka, ya shimfiɗa buhu, ya shige. Na tsuguna ina kallo ya kwance notin. Abin da ya zubo fari ne, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya tara yatsa, ya duba, sannan ya juyo da kai ya dube ni.

"To yanzu fa?" Inna Tabawa ta ce. "Nan za mu kwana da daddawata a ruwa?"

"Yaya, shigo ka riƙe min," Habu ya ce.

Na kwanta kusa da shi a taɓo, ruwa na ɗiga daga bodi a fuskokinmu. Ya fara kwance farfela, doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya.

"Riƙe nan. A'a, da ɗaya sifanar."

"Habu..."

"Tukunya ɗaya ce, Yaya," ya ce a hankali, yadda na waje ba za su ji ba. "Da ka faɗa, tukunya ɗaya ce da itace uku."

"Za ka gaya wa Baba?"

"Riƙe da kyau, notin zai faɗa taɓo."

Ya cire farfelar. Ya fita, ya zare sanduna biyun da ke juya ƙafafun baya daga ciki, ya toshe ramukan da tsumma. Ƙafafun baya suka zama 'yan rakiya kawai. Ya sa aka sauke rabin buhunan, aka ba wasu Fulani da ke da ruga a kusa ajiya. Ya tura ƙaramar sandar giya. Goggo ta yi tari, ta yi mita, ta ja jikinta da ƙafafun gaba kaɗai. Ni da na karanta littafin sau uku ban san ana iya haka ba.

Muka shiga gari da magariba, farfela a ɗaure a saman kaya. Maza suka fito daga masallaci suna leƙen ƙarƙashinta. Wani tsoho ya ce shi dai bai taɓa ganin mota ta karye a baya ta dawo da kanta ba, yaron nan hannunsa na da albarka. Na lalata masa mota, ga shi an ƙara yabonsa.

Da safe Baba ya sa aka kawo masa man a kwano, dattawan unguwa na zaune. Ya tsoma yatsu biyu, ya murza, ya kai hanci.

"Ruwa ne. Ba kuma na jiya ba. Wa ya shiga da ita da zafi?"

Ban san ko da zan yi magana ba, ban kuwa samu damar sani ba.

"Ni ne, Baba," Habu ya ce. "Hadari ne ya taso wata rana, na yi gaggawa."

Baba ya ture kwanon gefe. Sannan ya cire tsirkiyar daga wuyansa.

"Kai da na koya wa da hannuna. Abincin gidan nan ka kai ruwa don kada rigarka ta jiƙe." Ya juya wajena. "Miƙo hannunka. Kai kuma ka koma baya ka yi karen mota, har ka koyi haƙuri."

Na miƙa hannu. Na karɓa.

Haƙoran tulu sai Kano, kuma sai bayan kaka. Da ƙafa biyu Goggo rabin kaya take iya ɗauka, hatsin da ke shigowa gida shi ma ya koma rabi. Tuwo ya zama yau a ci, gobe a sha kunu. Inna ta fara haɗa dusa a cikin gari, ta sayar da akuyarta ɗaya tilo. Ranar da aka yi tuwo, ƙanzon wajena yake zuwa yanzu, ni ke tuƙi. Ina cinyewa. Surukin Habu ya ji an karɓe makulli a gaban mutane, ya aiko cewa a ɗaga biki zuwa baɗi, a ga yadda yaron zai natsu.

Sau ɗaya na tambaye shi, muna maimai a gonar dawa, me ya sa ya ce shi ne.

"Kai ne babba," ya ce, bai ɗago ba. "In aka ce ƙarami ya yi gaggawa, yaro ne. In aka ce babba ya yi ƙarya a gaban dattawa, gidan ne ya yi ƙarya."

Ya kamata in ji kunya, na kuwa ji. Amma abin da ya fi kunyar ƙarfi shi ne haushin cewa har wannan ma shi ya iya, ni ban iya ba. Ban taɓa gaya wa Baba ba, har Allah Ya karɓi abinsa.

Kasuwa ta farko da na fita a matsayin mai makulli, mun dawo mashigi da la'asar sakaliya. Gero ya fara bununi a gonakin gefen hanya, saura 'yan makonni a ci tumu. Yanzu tulun gaba ne kaɗai ya rage mana, in ya tafi tuwo ya tafi. Na kashe inji, na sauka.

"Au!" Inna Tabawa ta ce. "Malam, kai ma ka shiga ɗariƙar alwalar?"

Na zagaya gaban motar. Na tsuguna, na ɗora bayan hannu a kan ƙarfen. Da zafi. Na jira, na sake taɓawa. Da ɗumi, amma ban san ko ɗumin da ake shiga ruwa da shi ba ne, ko wanda ake ƙara jira. Fasinja sun zuba min ido. Makulli na lilo a wuyana. Na ɗaga kai a hankali, kamar mai duban hadari, na saci kallon bayan mota.

Habu na zaune a kan buhu, ƙafafunsa na reto, yana kallon rafi. Bai taɓa ƙarfen ba, bai ma sauko ba. Ba tare da ya juyo ba, ya girgiza kai kaɗan.

Na koma gindin kanya na zauna, ina jiran karen motata ya ba ni izini.